Cindo Mai Katifa da Gobarar Ranar Alhamis

Sunansa na yanka Aminullahi, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da shi ba. Da yatsu shida aka haife shi a hannun hagu, don haka tun yana goye sunan Cindo ya bi shi. Mutumin Ɗanzomo ne. Mahaifinsa manomin gero ne mai 'yan awaki, shi kuwa tun tasowarsa gona ba ta riƙe shi ba, mota ce ta ɗauke masa hankali. Shekara goma sha bakwai ya yi yana tuƙa babbar mota, wadda mutanen tsallake ke kira kamyo, tsakanin Maigatari da Damagaram, yau hatsi, gobe kanwa, jibi shanu. Da ciwon baya ya matsa masa sai ya ajiye sitiyari, ya kama shago a Gumel, ya zuba katifu da matasai da tabarmin roba da labule.

Ni Ilu tela, shagona ne ke manne da nasa. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakaninmu, in ya yi atishawa ina amsa masa ba tare da na ɗaga ƙafa daga kan keke ba. Layinmu shaguna goma sha huɗu ne, bakwai na kallon bakwai, kowane ɓangare rufin kwano ɗaya ya haɗa shi. Na Cindo ne na ƙarshe ta gabas, sai nawa, sai na Shehu mai littattafai.

Dogo ne, mai babbar murya, mai saurin kyauta. Aibinsa ɗaya, ba ya son a kama shi da kuskure. In ya ce ruwa zai sauka yau bai sauka ba, sai ya ce ai ya sauka a Gagarawa.

Tsoron wuta kuwa da gaske yake yinsa. Lokacin yana direba ya taɓa kwana uku a wani gari na tsallake da kasuwarsa ta ƙone a gabansa. Yakan ba mu labarin wani dattijo da ya gani zaune a kan tokar rumfarsa yana tonawa da tsinke, ba ya magana da kowa. Duk lokacin da ya zo wannan wurin muryarsa takan sauka. Saboda haka da 'yan kwana-kwana suka zo wayar da kan 'yan kasuwa, shi ne a sahun gaba a gindin darbejiya, kwana biyu cur, yana ta jefa tambayoyi. A rana ta biyu suka kunna wuta a rabin durom, suka ce wa zai gwada. Cindo ya miƙe, ya ɗauki jar tukunyar kashe gobara, ya zare fil ɗinta, ya auna gindin wutar, ya matsa. Kafin mu ƙifta ido ta mutu. Aka yi ta tafi. A nan take sarkin kasuwa ya naɗa shi shugaban kwamitin kiyaye gobara na layinmu.

Ya riƙe aikin da hannu bibbiyu, har ya wuce yadda muka so. Kowane shago sai da ya ajiye bokitin yashi a ƙofa. Duk shago biyu suka haɗu suka sayi tukunya ɗaya, shi kuwa ya sayi tasa shi kaɗai ya rataye a bakin ƙofarsa inda kowa zai gani. Ya koya mana duba ɗan agogon da ke wuyanta: allura a kan kore tana da rai, in ta faɗo kan ja ta zama kwalliya. Ya hana baza kaya a tsakiyar layi. Ya sa aka tsinke wayoyin da muka yi ta jonawa da leda, aka kira mai gyara ya sake su, aka sa babban makunni ɗaya a bakin layi. Fetur kuwa ko na cikin kwalba bai yarda ya kwana a shago ba. Ni kaina ya taɓa ɗaga dutsen gugata na gawayi a gaban masu kawo ɗinki, ya ce, "Jama'a ku ga abin da zai cinye mana dukiya!" Na yi kwana biyu ba na amsa masa atishawa.

Da yamma in za a tashi, sai ya bi layi yana buga ƙofofi da tafin hannu. "A kashe soket! Ko babu wuta a kashe! Ba ta sallama in za ta dawo!" Har muka haddace, muna faɗa tare da shi muna dariya.

Wadda abin ya fi shafa ita ce Inna Rahmatu. Tsohuwa ce da mijinta ya rasu, tana suyar ƙosai da safe, awara da rana, a bakin layi ƙarƙashin rufinmu. Ranar da ya je mata ina tsaye.

"Inna, murhun nan ba zai zauna a nan ba."

Ta ɗago tana juya ƙosai. "Ɗan nan, shekara goma sha tara ina suya a nan. Ko tsumma ban taɓa ƙonawa ba."

"Na sani, Inna. Amma doka ce, kuma ba ta ware kowa ba."

Ya mayar da ita bayan layi, wani fili kusa da kwata, inda ba inuwa, ba kuma masu wucewa sosai. Ba ta yi masa musu ba. Ta ɗora kaskonta a ka ta tafi. Daga sabon wurin nata zuwa 'yar tagar bayan shagon Cindo taku ashirin ne.

Shekara uku ana haka, ko hayaƙin ashana ba a gani ba a layinmu. Mutanen wasu layuka suka riƙa zuwa kallon bokitanmu.

Abin da zan faɗa yanzu ban san shi a lokacin ba, daga bakinsa na ji daga baya. A bazarar shekara ta huɗu fetur ya yi wuya, layi a gidan mai har ya zagaye kwana. Cindo na da babur, yana da ɗan janareto a gida. Wani tsohon abokin tuƙinsa ya samo masa jarka biyu. Ya tsaya yana tunanin inda zai ajiye. A gida akwai jikoki, akwai murhu. Sai ya ce wa ransa ai duk garin nan babu wurin da ya kai shagonsa tsaro. Ya shigo da su da sassafe a cikin buhu, ya tura bayan katifu, da niyyar kwana biyu. Suka yi sati uku.

Tukunyarsa kuma tun cikin azumi ya ga allurarta ta kwanta a kan ja. Sai an kai Kano ake cikawa. Ya ce mako mai zuwa. Bai so a ga ƙofar shugaba babu tukunya, bai kuma so wani ya ga allurar. Sai ya juya fuskar agogon ta kalli bango.

Ranar Alhamis ɗin mura ce ta kama shi. Ya fito daga gida da hita, wato ƙarfen nan da ake tsomawa a ruwa a jona da lantarki, don ya dafa citta. Ya tsoma ta a ƙaramin bokitin roba, ya jona. Ruwan bai ko yi ɗumi ba aka ɗauke wuta. Ya yi tsaki. Daidai nan motar da za ta kai masa katifu kasuwar Maigatari ta iso tana ta hon, domin duk Alhamis can yake wuni. Aka yi lodi a gurguje, ya ja ƙofa, ya danna kwaɗo, ya leƙo ya ce mini, "Ilu, sai na dawo, a kula da layi." Hitar na cikin bokiti, soket a kunne.

Wajen sha biyu aka kawo wuta. Na ji daɗi, fankata ta fara juyawa. Muka tafi azahar. Muna dawowa na ji wani wari kamar ana ƙona taya. Na duba bayan kekena, ba komai. Sai Shehu mai littattafai ya ƙwala ihu, "Hayaƙi a shagon Cindo!"

Baƙi ne wuluk, yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Wani ya ruga ya kashe babban makunni. Ni da Shehu muka ɓalle kwaɗon da ƙarfe. Muna buɗewa wutar ta sha iska ta miƙe. Na fizgo tukunyar Cindo daga ƙusa, na zare fil, na auna ƙasa kamar yadda ya koya mana, na matsa da duk ƙarfina. Ta yi fuu, ɗan farin gari ya zubo a kan takalmina. Na sake matsawa. Shiru. Na juya ta, na ga allurar a kwance.

Shehu ya kutsa ciki zai jawo katifun da ke kusa da ƙofa. Ya fito da ɗaya, ya koma. Sai muka ji wani dum daga can ƙurya, wuta ta yi tsalle ta kama silin gaba ɗaya. Shehu ya fito hannun rigarsa na ci. Muka kayar da shi muka danne da bargo.

Daga nan ban iya tuna komai a jere ba. Na san an kawo tukwanen sauran shaguna, kuma su sun yi aiki. Na san an juye yashin bokiti goma sha uku. 'Yan garuwa suka zo da kurarsu. Na san na fito da kan kekena da ɗinkin mutane rabi, sauran na bar wa wuta. Da motar kwana-kwana ta iso ta samu hanya a buɗe har cikin layi, babu tebur ko buhu da ya tare ta. Shago huɗu suka tafi: na Cindo, nawa, na Shehu, da na wani mai takalma. Goma suka tsira. Aka ɗauki Shehu a a-daidaita-sahu zuwa asibiti.

Hayaƙi bai gama kwantawa ba aka fara tambayar daga ina. Shagon a rufe yake, mai shi ba ya gari, kuma mai shi Cindo ne. Ba wanda ya kawo a ransa daga ciki ta tashi. Ranar iska na kaɗowa daga gabas. Wani ya ce ya ga tartsatsi na tashi daga murhun Inna Rahmatu. Wani ya ce ai tagar baya a buɗe take. Aka juyo gare ni, tunda ni ne maƙwabci.

"Ilu, ta ina ka fara ganin hayaƙin?"

Na ce, "Kamar ta baya."

Ban ga komai ta baya ba. Ta ƙarƙashin ƙofa na gani. Amma kayana sun ƙone, zuciyata na neman wanda za ta ɗora wa, kuma tsohuwar ta fi sauƙi. Mutane suka nufi wajenta. Wani ya sa ƙafa ya kifar da kaskon, mai ya malale a ƙasa. Tana tsaye da matsami a hannu tana cewa, "Wallahi tun hantsi na rage itacen." Ba wanda ya saurare ta. Sarkin kasuwa ya ce ta dakata da suya sai an zauna.

Cindo ya iso bayan la'asar a bayan ɗan acaɓa, ko hula babu. Ya tsaya a gaban abin da ya rage na shagonsa. Mutane suka kewaye shi suna ba shi haƙuri, suna gaya masa murhun Inna ne. Na ga ya buɗe baki. Na ga ya rufe. Ya durƙusa ya dafe kai, kowa ya ɗauka baƙin cikin dukiya ne.

Washegari muna kwashe toka da shebur, ni da shi. A kusurwar da soket yake na ga ya sunkuya ya ɗauki wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya yi baƙi. Ya waiga. Idonmu ya haɗu. Ya zura shi a aljihu, ni kuma na mayar da kaina kan shebur. Na gane ko mene ne, kowa ya san hita. Ban ce masa komai ba, ban kuma gaya masa tukunyarsa ta ƙi tashi a hannuna ba. Muka ci gaba da kwasar toka kamar ba mu san juna ba.

Kwanakin da suka biyo baya 'yan jaje suka yi ta zuwa, daga Maigatari, daga Sule Tankarkar, har 'yan'uwansa na Ɗanzomo. Mukan zauna a tabarma a gaban shagunan da suka ƙone. Kowa ya zo maganarsa ɗaya: da ba don Cindo ba da layin nan ya tafi duka. Wani ya ce dubi ikon Allah, wanda ya fi kowa kiyayewa shi aka fara jarraba. Cindo sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ne ya tsare." Ya daina babbar murya. In aka kawo abinci sai ya tsakura ya ture. Asibiti kuwa sau ɗaya ya je duba Shehu, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya kasa ƙarasawa gefen gado.

Ya gaya mini daga baya cewa a rana ta biyar, da safe yana shirin fita, matarsa Zulaiha ta tsaya a bakin ɗaki ta ce, "Malam, ina hitar da ka fita da ita ranar Alhamis?"

Ya ce, "Ta ƙone da sauran kaya."

Ta ce, "A jone?"

Ya kawar da kai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Jiya na ga Inna Rahmatu a wajen awo. Rabin mudu ta saya." Ta koma ciki. Ba ta sake tayar da maganar ba, amma ya ce daga ranar ko ruwa ta miƙo masa ba ya iya kallon fuskarta.

A rana ta takwas, da hantsi, muna zaune mu biyu sai ga Inna Rahmatu tafe a hankali, ta lulluɓe da tsohon mayafi. Ta cire takalmi nesa da tabarma ta durƙusa. Tsohuwar da a shekaru ta haife mu, ta durƙusa mana.

"Ɗan nan, ban samu zuwa jaje ba, kunya ta hana ni. Allah ya mayar muku da alheri."

Muka ce amin, ba mai kallon wani.

Ta ce, "Na yi ta tunani. Ni dai na san na rage itace. Amma tsufa ya zo, ƙila na manta wani abu. Tun farko ka gaya mini wuta ba abin wasa ba ce, na ji haushinka a raina. In ni ce sanadi, ka yafe mini, kai da Ilu. Shi kuma Shehu ban san da wane ido zan kalle shi ba."

Hawaye na bin kumatunta tana sharewa da bakin mayafi. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Cindo kuwa ya miƙe tsaye. Ya ce, "Inna, tashi. Don Allah tashi." Abin da ya iya faɗa ke nan. Ta tashi ta tafi. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, hannunsa na cikin aljihun da ƙarfen yake.

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ilu, ka gani ranar nan ko?"

Na ce, "Na gani, Yaya. Tukunyarka ma babu komai a ciki."

Ya gyaɗa kai.

Washegari Asabar aka zauna a zauren sarkin kasuwa. Zauren ya cika har waje. Shehu ya zo, an sallamo shi, hannunsa na dama naɗe da bandeji daga wuyan hannu zuwa kafaɗa. Inna Rahmatu na zaune daga bakin ƙofa. Maganar da ke gaba ita ce a hana ta suya a kasuwar kwata-kwata. Sarkin kasuwa ya ce, "Malam Cindo, kai ne shugaba, kuma kai ka fi kowa asara. Me ka gani?"

Cindo ya miƙe. Sannan ya ciro ƙarfen ya ajiye a kan tabarma a gaban sarkin kasuwa.

"Ranka ya daɗe, wannan hita ce. Tawa ce. Ni na jona ta na tafi Maigatari ban kashe soket ba. Ƙarar da kuka ji, jarkar fetur ce guda biyu da na ɓoye a bayan katifu. Tukunyar da ke ƙofata ta fi wata biyu babu komai a cikinta, na sani, na juya ta don kada ku gani. Inna ba ta da laifin komai. Tun ranar na sani, na yi shiru."

Muryar da ke cika layi, ranar sai da na kasa kunne na ji ta. Zauren ya ɓarke da hayaniya. Mai takalma ya miƙe yana nuna shi da yatsa, yana tuna masa ranar da ya ƙwace masa kwalbar fetur a gaban jama'a. Wasu na salati. Cindo bai kare kansa da kalma ɗaya ba. Yana tsaye, kai a ƙasa, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Da aka lafa Shehu ya ce, "Yaya Cindo, mantuwa ta kowa ce. Da hitar ce kaɗai da ban ce komai ba. Amma na shiga shagonka sau biyu domin na yarda babu abin da zai fashe a ciki. Kai ka sa na yarda."

Cindo ya ce, "Haka ne."

Ni ma na miƙe, na ce ban ga hayaƙi ta baya ba, ƙarya na yi. Ba wanda ya kula ni sosai, hankali na kan Cindo, kuma har yau ina jin kunyar yadda hakan ya yi mini daɗi.

Cindo ya taka har bakin ƙofa ya durƙusa a gaban Inna Rahmatu. "Inna, ki yafe mini."

Ta dube shi. Ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta ce, "Jiya na durƙusa maka, ka bar ni na tafi da laifin a wuyana." Ta gyara mayafinta. "Na yafe, don ina son Allah ya yafe mini. Amma kada ka ƙara ce mini Inna, sai zuciyata ta huce." Ta miƙe ta fita.

Aka sauke shi daga shugabanci a ranar, aka ba Shehu. Yadda aka yi da asarar maƙwabta, dattawa suka zauna suka yanke, ya karɓa bai ja ba, har gonarsa ta gado a Ɗanzomo ya rabu da ita. Hannun Shehu ya warke amma yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa, da hagu yake ɗaure wa mutane littattafai yanzu. Sarkin kasuwa ya aika wa Inna Rahmatu ta dawo, aka ce za a yi mata rumfa. Ta ce ta gode. Ta koma bakin tasha da suyarta, can take har yau.

Cindo ya yi kusan wata biyu bai taka kasuwa ba. Masallaci ma ya sauya, ya koma wani na bayan gari inda ba a san shi sosai ba. Da aka sake gina shagunan bai karɓi nasa ba. Na je gidansa sau uku, sau biyu aka ce ba ya nan alhali ga takalminsa a ƙofa.

Shehu ne ya fito da shi. Ya je ya same shi ya ce tukwanen da aka fesa ranar gobara duk babu komai a cikinsu, kuma ba wanda ke da lokacin kai su Kano. "Kai ka san hanya, ka san direbobi. Ba shugabanci na ba ka ba, aike ne." Cindo ya karɓa. Ranar da ya zo ɗauka, da sassafe ya zo, kafin a buɗe shaguna, don kada ya haɗu da kowa. Ni kaɗai ya tarar. Muka loda su a mota tare.

Daga wannan aiken sana'a ta fito masa. Yanzu yana zagaya kasuwannin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a kan babur, yana karɓar tukwanen da suka mutu, ya kai a cika, ya mayar wa masu su. Ba ya ɗaga murya, ba ya yi wa kowa wa'azi. In ya shiga shago ya ga jarka a kusurwa ko waya a jone da leda, sai ya jira mutane su ragu, ya matsa kusa da mai shagon ya ce, "Ka san ni? Ni ne na ƙona shago huɗu a Gumel." Wasu su yi dariya su ɗauka wasa ne. Sai ya ba su labarin duka, har da kwana taran da ya yi yana ɓoye gaskiya. Ya ce mini wannan wurin ne har yanzu yake masa nauyi a baki, kuma wani lokaci yakan tsallake shi, sai ya hau babur ya ji ba daɗi ya dawo ya ƙarasa.

A layinmu akwai waɗanda har yau in ya yi sallama da ƙyar suke amsawa. Ba ya jin haushinsu. Dokokin da ya kafa kuwa suna nan, Shehu ya ƙara ɗaya: ranar Asabar ta farkon kowane wata, maƙwabci ne zai shiga shagon maƙwabcinsa ya duba har bayan kaya, shagon shugaba ne farko.

Ni sai bayan shekara guda na iya zuwa bakin tasha. Na ɗinka wa Inna Rahmatu zane da riga na kai mata, na tsaya a gefe har masu saye suka watse, na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta karɓi ledar ta ajiye a bayanta ba ta buɗe ba. Ta ce ta ji abin da na faɗa a zaure tun ranar, tana dai jira ta ga ko zan zo. Na tambaye ta ko Cindo na zuwa. Ta ce duk Juma'a yakan tsaya daga can tsallaken titi ya gaishe ta, ita kuma ta ɗaga masa hannu. Sannan ta ce in matsa daga gaban murhu, hayaƙi na shiga idona, ta juya ta ci gaba da suyarta.